Gero Mai Shuka Ɗaya

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, har da waɗanda bai kamata in manta ba. Amma yadda na shanye irin geron gidanmu a fura, na dawo ina neman sa a kan keke har cikin Nijar, wannan kam ko tsufa ya rikita ni ba zai fita daga kaina ba. Ni ba ɗan boko ba ne, aji huɗu na yi a firamare na gudu, don haka yadda abin ya faru haka zan faɗe shi, ba ado.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Jigawa ba. Ina ƙauyenmu a ƙasar Sule Tankarkar, shekara biyu da rasuwar Baba, gandu ya dawo hannuna. Ya bar mini gona, da rumbu biyu, da jaki mai taurin kai, da wani gero da muke kira gargasa saboda gashin da ke jikin zangarniyarsa. Dogo ne, ba ya sauri, ba ya cika rumbu har ya tumbatsa. Amma tsuntsu ba ya son gashin nan, kuma ko ruwa ya ɗauke mako uku, sai ya naɗe ganyensa ya jira. A duk ƙauyen, mu kaɗai muka rage da shi, sauran sun bar shi don mata suna kukan ƙaiƙayi wajen sussuka. Duk kaka Baba yakan shiga gona kafin girbi ya zaɓi manyan zangarniyu da hannunsa, ya ɗaure dami guda daban, ya rataye a saman rumbu. Shi ne damin iri. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa shi.

Wata ranar Alhamis na kai akuya kasuwar Maigatari. Na sayar, ina zagaye da kuɗi a aljihu, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan shi ne lokacin da hankalina ya fi ƙaranci. Sai na ga wani ɗan kasuwa mutumin Damagaram ya baza ledoji a kan tabarma, cikinsu gero ne jajir da magani, ga hoton zangarniya a jiki mai kauri kamar taɓarya.

Ya ce, "Ɗan'uwa, matso ka ga irin zamani. Tun maƙwabtanka suna maimai kai kana shan sabuwar fura. Amma ka ji ni da kyau, shuka ɗaya ne."

Na ce, "Shuka ɗaya?"

Ya ce, "Ɗaya tak."

To, a nan ne abin ya faru, kuma sai wanda ya yi noma a ƙasarmu zai gane. Mu ruwan farko maƙaryaci ne. Ya sauko, ka ɗauki sungumi ka shuka, gero ya tsiro, sai sama ta bushe, rana ta ƙone shi, ka sake shuka. Wata shekarar sau uku. Don haka da mutum ya ce mini ga gero mai shuka ɗaya, abin da kunnena ya ji shi ne, in ka binne shi sau ɗaya ka huta, ba sakewa. Ban tambaye shi komai ba. Na kwashi abin da zai ishi gonata duka, na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya tsinci rijiya.

Maiɗakina ta buɗe leda ta duba, ta ce, "Malam, wannan na shuka ne ko na kwalliya?"

Na ce, "Ke dai ki gyara turmi."

Gaskiya ba zan ci amanar geron nan ba, a shekarar farko ya yi abin da aka ce zai yi. Allah ya sa ruwa bai yi mana wasa ba, shuka ɗaya na yi, sai na ƙara gaskata fassarata. Ya fito kai ɗaya kamar an sa masa igiya, tsawonsa bai wuce ƙirjina ba. Ya nuna tun gonakin mutane suna kore. Tsuntsayen ƙasar duka suka taru a kaina, don ni kaɗai nake da abin ci, muka yi mako biyu muna kaɗa gwangwani har muryata ta dushe, amma duk da haka na cika rumbu biyu na nemi aron na uku. Mutane suna tahowa daga ƙauyukan kusa su tsaya bakin gona su riƙe baki. Ni kuma ina tsaye da hannu a baya ina bayani, sai ka ce ni na ƙera shi.

Maiɗakina kaɗai ce ba ta yaba ba. Ta ce karan gajere ne, ba ya danga, akuya ma tsallake shi take yi. Ta ce garinsa ba ya danƙo, fura tana wargajewa a hannu. Na ce mata ciki ba ya tambayar danƙo.

A cikin wannan kakar ta haifa mana ɗa namiji. Ana gobe suna na ɗaga kai na ga damin irin Baba yana rataye, tun bara ba a taɓa shi ba. Na ce a sauke shi a sussuke a yi wa baƙi fura.

Ta ce, "Damin Baba?"

Na ce, "Da Baba ya ga abin da na gani, da shi ma ya sauke shi."

Ta ce, "To a bar ko zangarniya biyar mana."

Na ce, "A yi me da su? A yi musu gidan tarihi?"

Aka sussuke, aka daka, aka dama da nono mai kyau. Wallahi ban taɓa shan fura mai daɗin wannan ba. Da na san abin da nake sha, da na sha a hankali.

Daga sabon geron na yi yadda na ga Baba yana yi, na zaɓi manyan zangarniyu na ɗaure damin iri. Maƙwabta uku suka zo roƙo. A wurinmu ba a hana iri, ba a kuma sayar da shi ga maƙwabci, don haka na ba su, har da ƙarin bayanin cewa shuka ɗaya ne.

Damina ta zagayo muka shuka. Da ya fara tashi na ga kamar idona ne. Da ya yi kai na tabbata ba idona ba ne. Wani ya fi ni tsawo, wani bai kai gwiwa ba. Wani ya nuna har tsuntsu ya cinye, na kusa da shi ko ciki bai ɗauka ba. Wasu zangarniyun sirara kamar wutsiyar ɓera, ka murza ba ƙwaya, sai ka rantse shibra ce, geron dajin nan da muke tumɓukewa. Gona ta zama kamar tashar mota, kowa da inda ya nufa. Sannan a tsakiyar damina ruwa ya ɗauke, kuma wannan geron bai iya jira ba.

Akwai wani malamin gona da ke zaune a Gumel, Kirista ne daga wajen Jos, mutumin kirki mai yawan dariya. Yakan ratsa ta wajenmu a kan babur. Na tare shi na ce ya zo ya ga ciwon da ya kama gonata. Ya shiga, ya duba, ya fito ya zauna a kan kututture.

Ya ce, "Maigida, bana ka sayo sabon iri ko na bara ka ajiye?"

Na ce, "Na bara mana. Da hannuna na zaɓa."

Ya ce, "Wanda ya sayar maka bai ce shuka ɗaya ake yi ba?"

Na ce, "Ya faɗa. Kuma ɗaya na yi."

Ya dube ni, na dube shi. Sai ya gane, ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Da ya nutsu ya ce, "Ba ciwo ba ne. Irin nan uwa daban, uba daban aka haɗa. 'Ya'yan farko su ne masu kyau. In ka shuka jikoki, kowa sai ya koma ya ɗauko kakan da ya ga dama. Shuka ɗaya yana nufin shekara ɗaya. Duk damina sai ka koma ka sayo sabo. Amma ba komai, baɗi ka koma wa gargasar tsohonka."

Na kau da kai ina kallon gona. Ya ce, "Ko ba ka ajiye ba?"

Na ce, "Ka zo sunan ɗana?"

Ya ce, "Na zo."

Na ce, "To da kai aka sha."

Wannan karon bai yi dariya ba.

Abin da muka girbe bai cika rumbu ɗaya ba. Ragowar na bara ne ya rufa mana asiri, da rogo, da tafasa. Maƙwabtan nan uku Allah ya taimake su gefen gona kawai suka gwada, don sun fi ni hankali, amma ba su bar ni na huta ba. Tun daga ranar sunana ya koma Shuka-ɗaya. In na wuce majalisa sai wani ya ce, "Shuka-ɗaya, ina gajiya?" Har yau akwai yaran da ba su san ainihin sunana ba.

Da bazara ta yi na koma Maigatari da niyyar faɗa. Ɗan kasuwar nan ya saurare ni tsaf, ya ce, "Na ce maka ka ji ni da kyau ko ban ce ba?" Na ce to ya ba ni sabo. Ya ce bana babu, motar da ke kawowa ba ta zo ba, bai kuma san ranar zuwanta ba. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga gona, ga iyali, sabon iri yana hannun motar da ban san direbanta ba, tsohon kuma na shanye. Zan iya samun geron shuka a wurin maƙwabta, amma abin da kakana ya ba Baba, Baba ya ba ni, ya ƙare a hannuna.

Maiɗakina ce ta tuna mini da Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda aka kai aure wani ƙauye bayan iyaka tun ban zo duniya ba. Ta ce ta taɓa jin Gwaggon tana cewa ba ta cin tuwon kowane gero sai na gidan ubanta.

Na hau keke na bi yashi, rabin hanya turawa na yi. Na same ta a gindin aduwa tana kaɗi. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka Babana take ce mini.

Ta ce, "Babana, lafiya da ranar nan? Wa ya mutu?"

Na ce, "Gargasa ce ta mutu, Gwaggo."

Na ba ta labari tun daga akuya har zuwa fura. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Furar ta yi daɗi?"

Na ce, "Ta yi."

Ta ce, "To alhamdu lillahi, ba a yi asara duka ba."

Ta shiga ɗaki ta daɗe. Sai ga ta da wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Ta fasa, ta ture tokar da ke sama, ta zaro zangarniyu bakwai, gashinsu ya yi baƙi. Da na gan su sai da na juya baya, don kada tsohuwa ta ga namiji yana share ido.

Ta ce, "A gayaunata, 'yar gonata ta kaina, nake shuka shi tun shekarar da aka kawo ni. Ba kyauta na ba ka ba, ajiya ce. Da kaka ka kawo mini bakwai na gonar yayana in gani da idona. Kuma in matarka ta sake haihuwa, ka aiko mini, ni zan kawo geron fura."

Zangarniya bakwai ba ta shuka gandu. Wannan shekarar a bayan gidanmu na shuka su, na kewaye da ƙaya, ina gadinsu fiye da yadda nake gadin jakin. Sai a damina ta uku gargasa ta sake rufe gonar Baba. Gwaggo ta ga bakwai ɗinta kafin ta rasu, ta jujjuya su ta ce sun ɗan rame, amma za su yi.

Yanzu ina jin rediyo ana gardama a kan wani sabon iri da aka ce a ɗakin bincike ake sauya masa halitta. Wasu suna yabo, wasu suna tsoro. Ni ban san abin da ke cikinsa ba, ba zan yi ƙarya ba, kuma na gaji da yin bayanin abin da ban sani ba. Abin da na sani shi ne, duk irin da sai ka jira mota ta kawo maka, ranar da motar ba ta zo ba, gidanka ba tuwo. In an kawo mini sabo ba na kora, ina ba shi kunya biyar a gefen gona, ina kuma tambayar mai shi sau uku abin da yake nufi da kowace kalma. Amma damin iri yana nan a saman rumbu. An yi suna shida a gidana bayan wancan, ba a sauke shi ko sau ɗaya ba.