Fayil ɗin Mahaifina

A shekarata ta uku a Dubai, ina aiki a wani ofishin jigilar kaya a unguwar Port Saeed, na rubuta wa ma'aikatar da mahaifina ya yi wa aiki a gida. Malamin gona ne, an sallame shi ina firamare, har ya rasu bai faɗa mana dalili ba. Fayil ɗinsa kawai nake son gani. Suka ce sirrin gwamnati ne. Na kai ƙara kotun da ke sauraron irin wannan koke, ita ma ta goya musu baya.

Ranar da hukuncin ya shigo wayata na tafi sallar Azahar a wani masallaci a unguwar Al Buteen. Akwai wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke haɗuwa a sahu, mai gadin wani ƙaramin otal. Ya ga fuskata ya tambaya, na miƙa masa wayar. Ashe ya daɗe yana magatakarda a kotu kafin ya fito neman aiki.

Ya karanta a tsanake, ya ce, "Ɗana, ba su ce ba ka da haƙƙi ba. Cewa suka yi akwai sunayen wasu a ciki. Ɗaukaka ƙara, su rufe sunayen su ba ka sauran."

Na ce, "Baba, na gaji."

"Wa'adi suka ba ka. Gajiyar ta jira."

Sati biyu muna zama a bakin ruwa bayan La'asar, da shayin karak a kofin takarda, ana loda wa jiragen katako firiji da tayoyi. Ina rubutawa yana sokewa. Duk inda na zuba fushi sai ya ja layi, ya ce alƙali hujja yake nema. Har yau ina kewar waɗancan ranakun. Muka aika wa wani lauya a gida ya shigar.

An kusa shekara kafin a yanke hukunci, aka ce a ba ni. Shafi tara suka zo, rabi an shafe da baƙi. A na shida na ga rubutun hannun mahaifina. An ce ya sa hannu cewa an raba wa manoma taki, ya rubuta cewa bai ga taki ba, ba zai sa ba.

Lokacin Baba ya riga ya koma Kumasi, ƙafa ta matsa masa. Na kira shi na karanta masa. Ina jin jikokinsa suna hayaniya a tsakar gida. Can ya ce, "Allah ya jiƙansa. Mahaifiyarka tana raye?"

Na ce tana nan.

"To kashe, ka kira ta."