Gwangwanayen Ƙasar Arzika

Shekara tara ke nan da rasuwar Arzika, kuma har yau ina kan bakana: a duk ilmin da Allah ya raba wa bayinsa, babu wanda ya kai sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum daraja. Na karantar da labarin ƙasa a firamare har na yi furfura, na zana duwatsun duniya a allo, amma ban san abin da ke ƙasan ajin da nake tsaye ba. Arzika ya sani, don shi ya haƙa fandishon ajin.

Taubashina ne, ɗan gwaggona, ƙaramin ɗan kwangila a nan Bagudo. Ƙasarmu ta bakin kogin Kwara mayaudariya ce, sama tauri, ƙasa laka. Wanda ya yarda da taurin nan, damina biyu bangonsa ya tsage. Shi ya sa Arzika ke sa a haƙa ramukan ginshiƙi da diga da shebur har a taɓo tsakuwa, gaba uku, wani wurin huɗu. Kowace gaba aka sauka sai ya ɗebi ƙasarta ya zuba a gwangwanin madara, ya manna takarda, ya rubuta wuri da zurfi da ajami. A haka ya cika ɗaki guda.

Nakan ce masa, "Kai ɗan kwangila ne ko boka?"

"Hedimasta, kai alli kas sani. Bar mini ƙasa."

Sau ɗaya ya ga injin haƙa fandisho, a wani aikin gada can cikin ƙasar Benin. Ya dawo ya yi kwana biyu bai tsokane ni ba. Na zaci saurin injin ne ya kashe masa jiki. Ashe ba haka ba ne. Ya ce, "Tun safe nake tsaye ina kallo. Ramin ya kai inda ya kai, mutanen kuwa duk suna sama." Sai na tuna shekarar da rami ya rufta da wani leburansa har ƙirji, Arzika ya tono shi da hannu, farcensa biyu suka fita. Tun daga ranar shi ke fara sauka kowane rami. Bai taɓa samun halin sayen injin ba, bai kuma taɓa cewa ya yi tsada ba.

Makon jiya matarsa Kulu ta aiko in zo. Ɗansu zai yi aure, ɗakin gwangwanaye ake so.

Da na je ta ce, "Malam, kai kaɗai ke iya zama kana sauraren zancen laka. Nemo musu mai so kafin Juma'a, in ba haka ba ni na san yadda zan yi."

Na zaɓi guda huɗu masu ɗauke da sunan garin Lafagu, na hau kabu-kabu, don na ji wani ɗan kwangila na kafa hasumiyar tankin ruwa a can, kuma da inji yake haƙa. Na same shi, mutum mai ladabi, ya ba ni kujera a inuwar mota. Na tambaye shi abin da ya sa ya ɗora wa kansa wannan dodon ƙarfe. Ya ce aikin da ke cin mako biyu yanzu wuni ne, ruwan ƙasa ba ya korarsa daga rami, kuma yana karɓar aikin fadama da wasu ke gudu. Na jira ya ambaci mutanen da ba sa sauka. Bai ambata ba. Ina jin bai taɓa ganin mutum a ƙasan rami ba, kuma wannan ma alheri ne.

Na buɗe gwangwani na huɗu na karanta masa: jar tsakuwa, gaba huɗu. Ya kai ni tulin da injin ya amayar. Muka gwada, ƙasa ɗaya ce, har ƙamshin.

"Baba, wallahi mai wannan ya san aikinsa. Allah ya jiƙansa."

"Akwai ɗaki guda irinsu. Ko za ka so?"

Ya sosa ƙeya. "Baba, ai inji ya riga ya gaya mini tun hantsi."

Me Arzika zai ce da yana nan? Ba na jin zai yi fushi. Ina jin zai zagaya injin sau uku, ya ƙirga ma'aikatan ya ga duk suna sama, ya yi hamdala, sannan ya juyo ya ce ni na kunyata shi da na zo talla da laka. Wannan tsiyar ce na rasa. Azuzuwan da ya gina suna nan ba tsaga, yara na karatu a ciki ba su san sunansa ba. Ni da na sani, ba ni da wanda zan gaya wa ranar nan cewa tsakuwar ta yi daidai. Na dawo gida da gwangwanaye a cinya, ɗan kabu-kabu na ta ba ni labarin farashin shinkafa a kasuwar Dole Kaina.

Ranar Juma'a Kulu ta sa aka juye su duka a kwatamin bayan katanga. Bai cika ba, sai da aka ƙaro ƙasa baro biyu.