Ƙofar da Baba ya gwada da jikinsa

Shekarar da bangon ɗakin Baba ya tsage a ƙauyenmu na kusa da Tsarnawa, har kana hangen rumbu ta tsagar, na rantse ba zai sake yin damina a ciki ba. Lokacin ina koyarwa a lakwal a Konni, ina da ɗan fili a bayan gari, ina kuma da aboki mai zanen gidaje wanda ba ya iya ganin bango miƙaƙƙe ya ƙyale shi.

Shi ya zana mini gidan. Ƙarami ne: falo, ɗakuna biyu, da wani siririn lungu da yake kira kulwar. Lungun ya tashi daga falo, ya yi gaba kaɗan, ya karya kwana, sannan ya kai ɗakin Baba. Abokina ya ce wannan kwanar ita ce gwanintar zanen duka, don kada baƙo ya zauna a falo yana leƙen kayan ɗakin mutane. Na yarda, har ina maimaita wa jama'a kamar ni na ƙirƙiro.

Na kai wa Baba takardar zanen can ƙauye. Ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini. "In an gina sai in taka da ƙahwata," ya ce. "Ni ban iya yawo cikin takarda ba."

Aka gina. Siminti ya zo daga Malbaza, magini ya yi shafe sumul, aka shimfiɗa karo, wato tayil, mai sheƙi a ƙasa, aka sa silin fari. Matata ta zaɓi fenti shuɗi bayan ta kore launuka da yawa kamar masu laifi. Ranar da na ɗauko Baba hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas, ni kuwa ina tafe ina hura hanci, ina jiran yabo.

Bai kalli karo ba. Bai ɗaga kai ya ga silin ba. Ya bi lungu da sandarsa har ɗakinsa, ya dawo, ya sake komawa, ya tsaya a kwanar nan yana jinjina kai. Sai ya kira magini, wanda ke tattara kayan aikinsa a tsakar gida, ya ce ya kawo dogon katakon da suke takawa in suna shafe.

Aka ajiye katako a tsakiyar ɗaki. Baba ya cire takalma, ya kwanta a kai, ya miƙe sambal, ya jawo hula ya rufe fuska.

"To, ku ɗauke ni," in ji shi daga ƙarƙashin hula.

Na ce, "Baba, mi ne na haka kuma?"

"Na mutu. Ku hid da ni."

Matata ta saki salati, ta toshe baki da gyale, tana ƙunshe dariya. Ni raina ne ya ɓaci. Amma wanda ya san Baba ya san ba a ja da shi. Shekara da shekaru shi ne kan gaba wajen ɗaukar makara a ƙauyenmu, kuma bai taɓa ɗaukar mutuwa abin da ake raɗa a kansa ba.

Magini ya kama wajen ƙafa, na kama wajen kai. Muka fito ƙofar ɗaki lafiya. Da muka iso kwanar, katako ya ce atafau. Muka ja baya, muka karkata, gefensa ya kankare mini sabon fenti. Muka ƙara karkatawa, Baba ya fara zamewa. Na ce ya riƙe katakon da hannu.

"Ka taɓa ganin gawa ta riƙe katako?"

Magini, bawan Allah, ya ce to a ɗaga wajen kan sama, a tsayar da shi kaɗan. Baba ya janye hula ya harare shi da ido ɗaya. "Tsaye za ku hid da ni, kamar mai zuwa kasuwar Illela?" Magini ya waiwaya wajen taga, ya tuna shi da kansa ya kafe ta da ƙarfe. A nan muka maƙale, mu biyu muna zufa, mamaci na ta faɗa.

Da muka sauke shi na kasa haƙuri. Na ce gida dai don rayayyu ake gina shi, kuma lafiyarsa ƙalau, jiya ma ya cinye tuwon mutum biyu. Ya sa takalmansa a natse. Ya ce ya taɓa ganin an naɗe wani dattijo ana fitar da shi ta irin wannan lungu, ana juya shi kamar buhun wake, 'ya'yansa na kallo. "Ba ni kwana ɗakin da ba ni iya hita kwance. Mai da ni gida, ɗakina ko ya tsage ƙohwatai na da hwaɗi."

Na kalli bangona shuɗi, na kalli hadarin gabas, na tuna tsagar nan da ake hangen rumbu. Wallahi na ji kamar in yi kuka. Na ce wa magini ya ɗauko guduma.

Muka fasa bangon ɗakin Baba ta waje, aka kafa ƙofa mai faɗi da ke fita tsakar gida kai tsaye, daura da ƙofar gida. Abokina mai zane ya zo ya gani, ya ce mun kashe masa aiki, ya yi fushi da ni har bayan salla. Fentin da aka sake shafawa bai taɓa dacewa da na farko ba, har yau ana ganin tabon.

Baba bai yarda da ido ba, sai da aka sake gwaji. Ya kwanta, ya rufe fuska, muka fito da shi sumul. Daidai dokin ƙofa ya ce, "Kai na wajen kai, sannu a nan, akwai tudu." A daren ya kwana a ɗakin, kuma kafin watan ya ƙare ɗakinsa na ƙauye ya rufta.

Ya daɗe yana morar ƙofar nan. A bakinta yake shimfiɗa tabarma da rediyonsa, ta nan tsofaffin unguwa ke shiga ba su taka mini karo ba, ta nan akuyar maƙwabta ta koyi shiga. Duk baƙon da ya yaba gidan sai Baba ya nuna masa ita, ya ce ita kaɗai ce aka yi da hankali.

Ya rasu wata safiya bayan an gama girbin gero. Da aka shirya shi aka shigo da makara daga masallaci, ta shiga ba ta taɓa ko'ina ba. Na kama wajen kai. Da muka zo dokin ƙofa ba wanda ya ce mini komai, amma na rage sauri, na ɗaga ƙafa a hankali saboda tudun.