Ranar da Wuta Ta Gangaro

Shagon waldar Malam a jingine yake da gidanmu, nan Funtua, ta wajen hanyar Bakori. Abin da ya raba shagon da madafata fallayen kwano ne da ya jera da hannunsa, kuma tsakanin falle biyu akwai wata doguwar tsaga, daga ƙasa har kusan rufi, wadda bai taɓa toshewa ba. Nan nake zama in tsince wake ko in gyara shinkafa. Tun ina amarya ya gargaɗe ni kada in kuskura in kalli wutar walda ido da ido, in ba haka ba zan kwana ina hawaye kamar an zuba mini yashi. Na ji maganarsa. Ban taɓa kallon wutar ba. Shuɗin haskenta da ke ɓullowa ta tsagar nan nake kallo.

Da hasken nan na san aikin mijina. In ƙarfen a kwance yake, hasken na tsayawa wuri ɗaya. In kuwa a tsaye yake, sai ya fara daga ƙasa, ya riƙa hawa a hankali, yana ɗan karkata dama da hagu kamar tsoho mai hawan tudu. Wata rana ina zuba masa tuwo na tambaye shi me ya sa kullum wutarsa hawa take yi, alhali gangara ta fi sauƙi.

Ya ce, "Kin taɓa ganin magini ya fara katanga daga sama?"

Na ce ban taɓa ba.

Ya ce in ana hawa, narkakken ƙarfen da aka zuba yana daskarewa ya zama matakala, na gaba ya zauna a kansa, wutar kuma tana nan tana cin cikin ƙarfen har gindin haɗin. In aka gangaro, ruwan ƙarfen ne ke riga wutar gudu. Sai ya lulluɓe tsagar, wutar ta bi ta kansa, cikin bai ji zafi ba. "Kamar ki watsa kunu a bango," in ji shi. "Sumul, gwanin kyau. Amma ba ta ci ba." Ya ce falle marar kauri kaɗai ake gangaro wa, don kada wuta ta huda shi. Mai kauri kuwa, wanda zai ɗauki nauyi, sai hawa.

Kalmarsa ke nan: ta ci, ko ba ta ci ba. Har miya in gishiri bai ratsa ta ba, sai ya ce ba ta ci ba.

Da sandar walda, wadda ke narkewa a bakin ƙarfe, ya yi yawancin shekarunsa. Daga baya wani Bayarabe mai kayan ƙarfe, haifaffen Funtua wanda Hausarsa ta fi tawa gudu, ya lallashe shi ya sayi sabon inji, irin wanda waya ke fitowa da kanta ta bakin abin riƙewa, ga tukunyar gas a gefe. Ƙararsa kamar ana suyar ƙosai. Malam ya so injin nan, amma ya ce munafuki ne: waldar sanda in ta lalace kowa zai gani, wannan kuwa ko ba ta ci ba sai ta fito tana sheƙi. Inji ya sake, ƙara ta sake, hasken da ke tsagata bai fasa hawa ba.

Sai hannunsa ya fara rawa. Bai gaya mini ba. Na ga dai ya koma riƙe kofin shayi da hannu biyu, ya daina cin tuwo in akwai baƙo a zaure, kuma in zai ɗaura agogo sai ya juya mini baya. Ni ma na yi kamar ban gani ba. Namiji in yana ɓoye abu irin wannan, ba ka taya shi tonawa sai da dalili.

Dalilin ya zo da kaka. Wani Alhaji manomi daga Kafur ya kawo tirelar taraktarsa, wuyanta ya tsage, wato wurin da ake maƙala ta da tarakta. Ƙarfe ne mai kauri kamar tafin hannu, haɗin kuma a tsaye. Na san irin tirelolin nan. A gidan noma aka haife ni. Ana loda musu buhunan masara har su yi tozo, sannan matan da suka wuni suna ɓarar masara su hau can sama, da goyonsu, da kwanukan abincinsu, a nufo gari.

Da hantsi ina tsintar wake aka kunna inji. Hasken ya ɓullo daga sama. Na ce ko ɗaurin farko yake yi, don ƙarfen ya tsaya. Sai na ga ya sulalo ƙasa da sauri, ba karkata, ba tsayawa. Ya koma sama, ya sake sulalowa. Na ajiye faifan. Waken nan ban ƙarasa shi ba ranar.

Bayan azahar ya shigo cin abinci. Na bari ya wanke hannu.

Na ce, "Malam, wuyan tirelar nan falle ne?"

Ya ɗago ya dube ni. "Wane irin falle?"

"Na ga wutarka ta gangaro."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "To, Injiniya. Yaushe aka ba ki shago ban sani ba?"

"Kai ka koya mini. Ka ce mai kauri sai hawa."

"Injin nan yana da ƙarfi. Na ƙara masa wuta, na bi ta sau da yawa. Je ki duba in kina so, ko madubi albarka."

"Kyanta ban musa ba. Ta ci?"

Ya ture kwanon, ya ce tuwon ya yi sanyi, ya fita. Tuwon kuwa tururi yake.

Na sake yi masa magana da la'asar. Na ce ya sa guduma ya gwada, mu biyu kaɗai, ba wanda zai sani. Ya ce shekarun da ya yi yana walda sun fi shekarun da na yi ina tuƙa tuwo, kuma kada in ƙara. Na gane ba taurin kai ne kaɗai ba. Tsoro ne. Hawa yana son hannu mai natsuwa, wanda zai tsaya a kowane gefe ya jira ƙarfe ya narke. Gangara kuwa sakin hannu ne, rawar ba ta samun lokacin nunawa. Ya san in ya yarda wannan ba ta ci ba, ya yarda da sauran duka.

Washegari da safe na ji ƙarar tarakta a ƙofar gida. Alhajin ya zo da direbansa, maƙwabta masu shaguna sun taru ana gaisawa, ana yaba aiki. Ina jin Alhajin yana cewa, "Kai, Malam, wannan ai kamar daga kamfani!"

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa sa baki a maganar shago ba. Na yafa mayafi na tsaya bayan ƙyauren zaure, inda za a ji ni ba a gan ni ba. Na yi sallama, aka amsa.

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Aikin nan bai ƙare ba."

Alhajin ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, ya ce, "Hajiya, ko kuɗin cefane ne bai isa ba, a ƙara?" Wani ya yi dariya, shi kaɗai.

Na ce, "A sa wa waldar guduma. In ta tsaya, ni zan ba kowa haƙuri."

Ta tsakanin ƙyaure da bango nake hangen Malam. Bai dubi inda nake ba. Ya daɗe a tsaye, hannunsa na dama cikin aljihu. Yana iya daka mini tsawa in koma ciki, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Bai yi ba. Ya shiga shago ya ɗauko babbar gudumar, ya ce kowa ya matsa. Bugun farko ba abin da ya faru. Ya gyara tsayuwa ya ƙara, ya ƙara. Sai waldar nan mai sheƙi ta ɓare daga gefe ɗaya kamar ɓawon rogo. Ƙarƙashinta bakin ƙarfen yana nan yadda ya tsage, wuta ba ta taɓa shi ba.

Direban ya ce, "Innalillahi."

Malam ya ce wa Alhajin ya dawo jibi. Da suka watse ya goge waldar duka da injin gugar ƙarfe, ya kunna na walda. Na koma madafa na zauna gaban tsagata. Hasken ya fara daga ƙasa. Ya hau kaɗan, ya yi rawa, ya mutu. Ya sake farawa. Ina jin narkakken ƙarfe yana ɗiga a ƙasa. Haka ya yi ta yi har rana ta take, hasken bai taɓa wuce tsayin gwiwata ba. Daga nan injin ya yi shiru.

Da kansa ya kira wani da ya koya wa aiki tun da daɗewa, magidanci ne yanzu mai shagonsa a Malumfashi. Shi ya zo ya yi wuyan tirelar, daga ƙasa zuwa sama, Malam na zaune a kan benci yana kallon ƙasa. Bayan kaka Malam ya rufe shagon.

Bai yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya. Da ma ya yi. Ya dai daina kirana Injiniya, sunan da ya saba tsokanata da shi, ya daina ce wa miya ba ta ci ba. Zai ci abin da na ba shi, ya ce an gode, kamar baƙo. Mutumin da ƙarar ƙarfe ke tashe shi ya koma zaman ƙofar gida, yana amsa gaisuwar masu wucewa, hannunsa cikin aljihu. Mata sun yi ta magana a unguwa, wai na tozarta mijina a gaban maza. Waɗanda ke faɗa ba su taɓa hawa kan buhunan masara da goyo ba. Ni na hau.

Ana saura kaɗan ya kwanta ciwon da bai tashi ba, murhuna na gawayi ya ɓalle ta gefe. Falle ne marar kauri. Na ajiye shi zan aika wa maƙwabci, sai na tarar babu shi. Can na ji an buɗe shago, na ji suyar ƙosan nan da na daɗe ban ji ba. Hasken ya ɓullo a tsagar daga sama, ya gangaro.

Ya shigo da murhun riƙe da hannu biyu ya dire a gabana.

Ya ce, "Falle ne. Wannan an yarda a gangaro. Ko shi ma kina da magana, Injiniya?"

Na juya murhun, na duba. Layin a karkace yake, amma ya kama.

Na ce, "Ta ci."

Ya gyaɗa kai ya koma ƙofar gida. Aikinsa na ƙarshe ke nan, Allah Ya jiƙansa.

Injin yana Malumfashi yanzu. Shagon wani mai sayar da taki ya kama, ya ce zai toshe tsagar saboda ɓeraye, na ce ya bar mini ita. Da kaka taraktoci na wucewa ta ƙofar gida, mata a can sama suna hira, suna yi wa direba tsiya. Ba na iya gane wacce ce ta Alhajin Kafur. Ina dai bin wuyan kowacce da ido har ta sha kwana, sannan in koma in hura gawayi a murhun.