Kwamfutar Yaya Ɗanlami ta sake tashi

A daminar nan ne Yaya Ɗanlami ya cika shekara takwas da rasuwa. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, amma sai bana zuciyata ta sake har na iya.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ma'aikacin ruwa ne a Tiga, kuma da ya yi ritaya sai ya mai da ɗakin da ke kusa da zaure asibitin tsofaffin kwamfutoci. Duk inda ya ji za a yar da wata, zai ɗauro ta a bayan babur. Sai ya farke uku da suka mutu ya haɗa guda mai rai. Matarsa, Yaya Balaraba, ta sha mitar cewa ko tabarma babu wurin shimfiɗawa a ɗakin. Dariya kawai yake yi, sukudireba a hannu.

An haife mu a ƙauyen da yanzu yake ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga. A ƙarshen rayuwarsa ya riƙa bin tsofaffin da aka taso daga can, wasu har Ƙofa da Badafi, yana ɗaukar muryarsu a kaset: wane gida ke kusa da wane, ina rijiya take, ina maƙabarta. Har mahaifiyarmu Inna ya zaunar kafin ta rasu. Yana dawowa gida sai ya juye komai cikin wata farar kwamfuta mai ƙaton ƙeya.

Bayan sadakar arba'in na kunna ta. Fanka ta juya, ta yi ƙara sau uku, allon ya tsaya baƙi. Kaset-kaset ɗin kuwa danshi ya riga ya cinye su. Na rufe ɗakin na koma Kiru wurin koyarwata. Gaskiya tsoro nake ji. Muddin ban taɓa ta ba, ina iya gaya wa kaina muryar Inna tana nan.

Bana rufin ɗakin ya fara yoyo, Yaya Balaraba ta kira ni.

"Malam Sani, 'yan gwangwan sun zo sau biyu. Ko ka zo ka duba kayan yayanka, ko ruwa ya raba mu da su."

Ranar Asabar da hantsi na zauna a kan kujerarsa. Ban taɓa koyon gyara ba, zaman hira kawai nake yi ina kallonsa. Na kwance murfin, na share ƙura da buroshi. Na zare siraran allunan nan biyu da yake ce wa ram, na goge bakinsu da kilinar fensir kamar yadda na sha ganin yana yi. Na canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo. Na yi bisimilla na danna.

Ƙara ɗaya ta yi, allon ya kawo haske.

Komai yana nan, kowane tsoho da sunansa. Na buɗe na Inna, sai ga muryarta tana yi masa faɗa: "Kai Ɗanlami, ka matso da abin nan mana, ni ba zan yi ihu ba." Yaya Balaraba da ke bakin ƙofa ta sulale ta zauna, tana dariya tana share hawaye. Kafin la'asar na juye komai a filas biyu na kwamfuta da wayata.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, wayar aljihu ta haɗiye abin da ya cika masa ɗaki. Ina jin zai yaba, sannan ya juya ta yana neman inda ake kwancewa, ya rasa, ya yi tsaki. Bai yarda da abin da mai shi ba zai iya buɗewa ba.

Ragowar ƙarafan mun bar wa 'yan gwangwan, kuma ban ji ciwon hakan ba. Muryoyin kuwa sun bazu a wayoyin dangi. Makon jiya wata tsohuwa a Tiga ta sa aka kawo ta gidan, ta ce ta ji mijinta yana kwatanta gonarsu, ta zo ta yi wa wanda ya ɗauka addu'a. Allah Ya jiƙan Yaya Ɗanlami, Ya karɓi addu'arta.