Wurin da Ruwan Ya Kwanta

Shekara uku ke nan cif da teku ya ci Habibu, abokina da muka zauna ɗaki ɗaya a unguwar Ard al-Liwa da ke Alƙahira. Ni ina karatun fiƙihu, shi yana nazarin gaɓar teku, har muka laƙaba masa Malam Yashi. Ɗan Gusau ne, bai taɓa ganin teku ba sai a Masar, amma idan ya tara shinkafa a gefen faranti, sai ya nuna maka da cokali yadda igiyar ruwa ke zuwa a karkace tana tura yashi gabas, da yadda ruwan da ya hau tudu dole ya nemi hanyar komawa. Wannan hanyar, in ji shi, ita ce inda ruwa ke kwantawa lumui tsakanin igiyoyi, kuma ita ce ke janye mutum.

Mu 'yan Arewa da tafki muka saba, a wurinmu inda ruwa ya kwanta nan ne lafiya. Ranar da muka bar Alƙahira zuwa bakin teku yawon hutu, Sadisu, jagoran tafiyar, daidai wurin nan ya zaɓa. Habibu ya hana. Sadisu ya kwashe da dariya ya ce, "Malam Yashi, khalas, lacca ta isa haka! Yalla, maza ku shigo." Yana faɗawa ruwan ya ja shi. Habibu ya bi shi, ya tura shi gefe inda igiya za ta maido shi, shi kuwa ƙarfinsa ya ƙare.

Da muka dawo, Sadisu ya gaya wa ɗalibai, har da mahaifin Habibu ta waya, wai marigayin ne ya yi taurin kai ya shiga. Ina tsaye a wurin na ja bakina na yi shiru don gudun rigima, kuma shirun nan yana cin raina har yau.

Makon jiya na haɗu da shi a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, ya yi ƙiba, ya sha kwat. Ya miƙo hannu yana cewa, "Ma'alish, yi haƙuri ɗan'uwa, ƙaddara ce." Ban karɓa ba. Da Habibu na nan, na san cewa zai yi in ƙyale shi, don mutum ne mai sanyin hali. Ni ba Habibu ba ne, ban yafe ba.

Abin da ya rage mini nasa shi ne darasin farantin nan. Da shi na ce wa masunta su nema ta gabas, can kuwa aka tsinci gawarsa a rana ta uku. Sadisu, tekun da ba ya salla kwana uku ya riƙe Habibu ya maido mana, kai shekara uku kana riƙe da sunansa da ka ɓata. Na aika da jaridar da ta buga wannan rubutu nawa Gusau, za a karanta wa Baba, mahaifin Habibu. Ka bar wayarka a kunne, zai kira ka.