Rigar Aikin Baffa

Shekara ashirin da biyu Baffa ya yi a asibitin dabbobi, kuma shi ba likita ba ne. Aikinsa riƙe kare yayin da likita ke ɗinki ko allura. Kare bai taɓa cizonsa ba, kuma babu wanda bai sha jin wannan labari ba a gidanmu.

Yakan ce kare da hanci yake tambaya. In ya shinshina ka, so yake ya ji inda ka fito, wa ka taɓa, ko tsoro ya sa ka zufa. Shi ya sa Baffa ba ya fara kai hannu, tsugunawa yake har a gama yi masa tambayoyi. Goggo kuwa cewa take duk unguwar nan karnuka kaɗai ke sauraron mijinta.

Yana da wata rigar aiki ruwan ƙasa da yake ɗaurayewa da ruwa zalla. Ni ban san dalili ba. Da na zo hutu daga jami'a na gan ta rataye a ƙusa, sai na wanke ta da sabulu mai ƙamshi, na goge ta tsaf.

Da safe ya kai ta hanci, ya dube ni. "'Yar boko, sa takalminki ki zo ki ga aikinki."

Haka ya sa rigar muka tafi asibitin. Ranar ce za a cire wa wani tsohon kare makaho zaren ɗinkin da aka yi masa a ciki. Da Baffa kaɗai yake yarda, kuma da warin rigar ya san shi. Likita ta ce in ya ƙi kwanciya sai allurar barci, ga shi ba lallai zuciyarsa ta ɗauka ba.

Baffa na matsawa, karen ya ɗaga hanci, ya yi gurnani, ya ja da baya har ya bugi ƙafar tebur. Na manne da bango. Likita ta fara zuƙo magani a sirinji.

Baffa ya ce ta ba shi minti biyar. Ya tuɓe rigar ya miƙo mini, ya ce in fita da ita waje. Ta taga na ga ya zauna a kan siminti da singileti, ya cire hularsa da ta sha zufa, ya tura ta gaban karen. Karen ya daɗe yana shinshinawa, daga hula zuwa yatsu, zuwa gwiwa. Can sai wutsiya ta motsa.

"To malam, ka gane ni?" in ji Baffa. "Likita, bismillah."

Ta ajiye sirinjin ta ɗauki almakashi. Zare tara ta cire, kan karen na bisa cinyar Baffa.